Daga Cessna 172 zuwa 182: abin da ƙarin doki 50 ke nema a wurin matuƙi

Wanda ya koyi tuƙin jirgi a Cessna 172, idan aka kai shi gaban Cessna 182 karon farko, yakan ce ai duk ɗaya ne. Fiffike a sama, taya uku, kujera huɗu, kamfani ɗaya, har shekarar shigowarsu kasuwa ɗaya ce, 1956. Wannan kamannin ne nake jiye wa sabon matuƙi tsoro, domin shi ke sa mutum ya shiga jirgin da hannun da ya saba da shi, alhali jirgin wani hannu dabam yake nema.

A takarda bambancin bai taka kara ya karya ba. Samfurin 172S yana da inji mai ƙarfin doki 180, nauyinsa na tashi kuma bai wuce fam 2,550 ba. Shi kuwa 182T, wanda aka fara ƙerawa a 2001, yana ɗauke da injin Lycoming mai silinda shida da ƙarfin doki 230, yana tashi da fam 3,100, wato kimanin kilo 1,406, yana kuma kai wa gudun not 145 a tafiya, wato mil 145 na teku a awa, inda ƙaramin ke tsayawa wajen 124. Ƙarin doki 50 ke nan, fam 550, da not 20 da 'yan kai. Sai dai kowane ɗayansu yana rage maka lokacin tunani, ga shi an ƙara maka abin taɓawa har uku da babu su a 172: mariƙin farfela, ƙofofin sanyaya inji, da tirim na fedar ƙafa, wato abin da ke riƙe maka fedar ba sai ka yi ta dannawa ba. Duk abin da malami zai koya maka a wannan jirgi yana komawa wuri guda, ka yi aiki da wuri, tun jirgin bai matsa maka ba.

Doka ma ta san da wannan tazara. A Amurka, inda ake ƙera jirgin, hukumar FAA mai kula da harkar jiragen sama ta ce duk jirgin da injinsa ya haura doki 200, ba za ka zama matuƙinsa mai alhaki ba sai malami mai izini ya koya maka a ƙasa da sama, ya sa hannu a littafin awoyinka. Sau ɗaya ake yin wannan sa hannu, kuma dokar ba ta faɗi adadin awoyi ba. Kamfanonin inshora ne kan gindaya nasu sharaɗin awoyi. Jirgin da ke naɗe tayoyinsa kuma nasa sa hannun dabam ne, don haka mai takardar 182 na yau da kullum ba zai haye samfurin RG, wanda aka yi daga 1978 zuwa 1986, da ita kaɗai ba. A Turai kuma horon bambanci suke nema kan farfela mai sauya kwana. Ɗaliban kwalejin tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, sun daɗe da sanin irin wannan mataki, daga TB-9 mai doki 160 zuwa TB-20 mai doki 250 da tayoyi masu naɗewa.

Mariƙi uku

A 172 farfela a kafe take. Ka tura totur, juyin inji ya ƙaru, ka ja, ya ragu, agogo ɗaya ya ishe ka sanin ƙarfin da kake ba jirgi. A 182 ruwan farfela yana murɗawa a gindinsa, ya kwanta ko ya miƙe, ya yanki iska kaɗan ko da yawa. Aikin giyar mota take yi: ƙaramar giya wajen tashi da hawa, babbar giya wajen doguwar tafiya. Saboda haka mariƙan da ke gabanka uku ne. Baƙi shi ne totur, shuɗi na farfela, ja kuma na cakuɗa mai da iska.

Shuɗin mariƙin bai taɓa farfela kai tsaye. Wata na'ura ce a jikin inji, gwamna, yake ba umarni. A cikinta akwai ƙananan ƙarafa masu juyawa tare da inji, da sifirin da ke danne su. Idan juyi ya haura abin da ka zaɓa, ƙarafan su buɗe, su ɗaga wani bawul, baƙin mai mai ƙarfin matsi ya shiga kan farfela ya murɗa ruwanta ta ciji iska da yawa, nauyin ya janyo juyin ƙasa. Idan juyi ya faɗi, man ya koma, ruwan ya kwanta, inji ya samu sauƙi ya dawo inda yake. Kai dai ka ce juyi 2,300 a minti kake so, gwamna ya riƙe maka shi ko hanci na sama ko na ƙasa.

Abu biyu ke biyo bayan wannan, kuma duk biyun sai sun zauna maka a ka. Na farko, agogon juyi ya daina gaya maka ƙarfin inji. Wanda ke gaya maka yanzu shi ne agogon manifol, mai auna matsin iskar da ke shiga silinda da inci. Kafin ka tada inji, dube shi: matsin iskar waje yake nunawa, kusan inci 30 a bakin teku, wajen 28 a Kano, ƙasa da 26 a Jos. Riƙe wannan lamba a ka, domin idan ka tura totur duka wajen tashi, allura za ta tsaya ƙasa da ita da inci ɗaya ko biyu. In ta tsaya nesa da haka, inji bai ba da abin da ya kamata ba, ka fasa tashi tun kana da sauran titi. Na biyu, baƙin mai ne ke murɗa farfela. Ranar da matsinsa ya ɓace, ruwan farfela zai kwanta duka, juyi ya zarce jan layi. Don haka juyin da ya haura da kansa ba tare da ka taɓa komai ba, ka rage totur nan take, idonka ya sauka kan agogon baƙin mai.

Akwai jeri wajen taɓa mariƙan. Za ka ƙara ƙarfi, fara daga dama: ja, shuɗi, sannan baƙi. Za ka rage, fara daga hagu: baƙi, shuɗi, ja. Dalili shi ne kada matsi mai yawa ya haɗu da juyi kaɗan, silinda ta cika da wuta fistin kuma yana tafiyar hawainiya, abin da kan jawo mai ya fashe a ciki maimakon ya ci a hankali. Amma kada a wuce gona da iri. Za ka ji wasu na cewa haramun ne incin manifol ya haura ɗaruruwan juyi, wato inci 23 ba ya tafiya da juyi 2,200. Ban yarda da wannan ba, littafin jirgin ma bai yarda ba. A 182T koren layin manifol ya kama daga inci 15 zuwa 23, na juyi kuma daga 2,000 zuwa 2,400, kuma teburin tafiya cike yake da irin wannan haɗi. Juyi kaɗan ma ya fi sauƙin ƙara da shan mai. Abin da ke cikin teburin shi ne hujja.

Wajen gwajin inji kafin tashi, a juyi 1,800, ana jan shuɗin mariƙi har juyi ya faɗi da 'yan ɗaruruwa, sannan a mayar da shi gaba duka. Abu uku za ka gani in komai lafiya: juyi ya sauka, manifol ya ɗan hau, allurar baƙin mai ta motsa. Ɗaga kai kuma ka duba gilashin gaba, ko ɗigon mai ya fantsamo. Kada ka bar juyin ya nutse sosai, ba shi da amfani, wahalar da inji ne kawai.

Zafi

Wannan inji ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya shi. Tana shiga ta hancin jirgi, ta ratsa tsakanin silinda, ta fita ta ƙasa. Ƙofofi biyu da ke ƙarƙashin murfin inji su ke ƙayyade yawan iskar da ke fita, mariƙinsu yana ƙasa tsakanin kujerun gaba. A buɗe suke tun daga tada inji, da tafiya a ƙasa, da tashi, da hawa. A tsakiyar tafiya a rufe su gwargwadon abin da agogon zafi ya nuna, domin barinsu a buɗe yana cin gudu. Wajen gangarowa a rufe su ruf, bayan sauka a sake buɗewa. Mantuwa a nan ita ce kuskuren da sababbi suka fi yi, musamman bayan an fasa sauka an sake hawa da ƙofofi a rufe.

Jan layin zafin kan silinda a injin Lycoming na 182T yana kan digiri 500 na Faranhait, na tsohon injin Continental kuma 460. Wanda ke son injinsa ya daɗe bai kusantar wurin. Ka sa wa kanka iyaka a 400, kimanin digiri 204 na Salsiyas. In ka ga allura na nufar can a hawa, buɗe ƙofofi duka, sauke hanci kaɗan gudun ya ƙaru, ƙara mai da jan mariƙi. Shi ya sa littafin ya ba da hawan tafiya a not 85 zuwa 95, ko da yake not 80 ya fi saurin kai ka sama. Ƙarin gudun iska ce ga inji, ga kuma ganin gaba, domin hancin 182 yana tare ido ƙwarai.

Tashi

Kafin komai, girgiza kujerarka ka tabbata ta kama a layinta. Tsofaffin jiragen Cessna sun yi suna da zamewar kujera baya a daidai lokacin tashi, har FAA ta wajabta duba layukan a kai a kai. Matuƙin da kujera ta kwashe yakan riƙe sitiyari ya tafi da shi, hanci ya miƙe sama. In kai gajere ne, nemi matashi. Allon agogon 182 ya fi na 172 tsayi, kuma wanda bai hango titi ta saman hanci ba ba zai iya auna sauka ba.

Tura totur a hankali, cikin daƙiƙa uku ko huɗu, don gwamna ya samu damar kama juyin. Jirgin zai nemi hagu da ƙarfin da ba ka saba ji ba: murɗawar inji, iskar farfela da ke zagaye jiki ta bugi wutsiya, sannan da zarar hanci ya ɗaga, ruwan farfela na dama ya fi na hagu cizon iska. Maganinsa ƙafar dama, ka danna fiye da yadda kake zato, ka kuma riƙe. Ana ɗaga hanci a not 50 zuwa 60, a hau a 70 zuwa 80. Gajeren titi kuwa filaf, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukarwa, digiri 20, not 58 har a wuce abin da ke gaba, sannan a bar gudu ya kai 70 kafin a naɗe filaf a hankali. Bayan an kai tsayin da hankali ya kwanta, sai a ja totur zuwa inci 23, juyi 2,400, mai galan 15 a awa. A 182T juyin tashi da ma 2,400 ne, ba sai ka taɓa shuɗi ba. A tsohon samfurin 182P mai tashi da 2,600 sai ka janyo shi zuwa 2,450, bayan totur. Kana hawa manifol na zubar da kimanin inci ɗaya a kowace ƙafa 1,000, don haka hannunka zai riƙa komawa kan totur yana ƙarawa har ya ƙure. A nan ne tirim na feda ke amfani: murɗa shi dama ƙafarka ta huta, amma ka tuna ka mayar da shi idan ka daidaita, in ba haka ba jirgi zai yi ta tafiya a karkace, tanki ɗaya ya riƙa ƙarewa kafin ɗaya.

Nauyi da zafin gari

An san 182 da ɗaukar kaya, kuma wannan suna ya sa mutane sakaci. Yi lissafin da kanka. A ce jirgin da babu kowa a ciki fam 2,000 ne, wanda ya yi kusa da na 182T da yawa, ko da yake kowane jirgi da takardar awonsa. Saura fam 1,100. Tanki cike galan 87 ne na amfani, kowane galan fam 6, fam 522 ke nan. Abin da ya rage 578. Manya huɗu masu fam 170 kowanne sun kai 680, an haura da fam 100 tun ba a sa jaka ko ɗaya ba. Ko dai a rage mai, ko a rage mutum.

Ga kuma abin da babu shi a 172: nauyin sauka bai kai na tashi ba. Ana tashi da 3,100, amma ba a sauka da fiye da 2,950. Tazarar fam 150 galan 25 ce, tafiyar kusan awa biyu. Wanda ya cika jirgi don tafiyar minti arba'in ya karya ƙa'ida tun daga gida. In larura ta taso bayan tashi, sauka za ka yi ba tare da jinkiri ba, daga baya injiniya ya duba.

Cibiyar nauyi, wato inda nauyin jirgi ke daidaita tsakanin hanci da wutsiya, wadda ake aunawa da inci daga wani layi a gaban jirgi, ta fi wannan ɓoyuwa. Iyakar baya inci 46 ce ko yaushe, amma ta gaba tana ja da baya yayin da nauyi ke ƙaruwa, daga inci 33 a jirgi mara nauyi zuwa kusan 41 a cikakken nauyi. Ƙarti biyu a gaba, tanki cike, baya babu kowa, suna iya faɗawa gaban layin. Wannan kuwa shi ne daidai yanayin ɗalibi da malaminsa. Kaya masu ɗan nauyi a ɗaure da kyau a ma'ajiyar baya suna gyara lamarin, bayan an yi lissafi.

Lambobin da ake tallata jirgin da su, gudun ƙafa 795 a ƙasa, ƙafa 1,514 kafin a haye abu mai tsayin ƙafa 50, hawan ƙafa 924 a minti, duk na bakin teku ne a digiri 15 na Salsiyas. Iska mai zafi siririya ce, inji da farfela da fiffike duk suna jin kamar sun fi inda suke tsayi. Lissafin kai shi ne ƙafa 120 a kan kowane digiri da zafi ya haura na ƙa'ida, na ƙa'idar kuwa yana raguwa da digiri 2 a kowace ƙafa 1,000. Filin jirgin Kano yana kimanin ƙafa 1,560, zafin ƙa'idarsa digiri 12. Ranar bazara mai digiri 40, jirgin zai ji kamar yana ƙafa 4,900. A Jos, sama da ƙafa 4,200, digiri 30 kawai ya isa ya kai ka 7,000. Inji irin wannan yana asarar kimanin kashi 3 cikin 100 a kowace ƙafa 1,000, wato a can dokinka 230 sun koma wajen 180. Ƙarfin 172 ke nan a takarda, yana jan fam 3,100. Buɗe teburin tashi, ka karanta layin zafin ranar, ka ƙara rabin abin da ya ba ka a matsayin rara. A fili mai tsayi kuma ana rage mai da jan mariƙi kafin tashi, gwargwadon lambobin da ke manne a allon gaba, domin mai da yawa a iska kaɗan rage ƙarfi yake yi.

A tsakiyar tafiya aikin ba shi da yawa. Daidaita hanci, bar gudu ya taru, sannan totur, farfela, mai, ƙofofi, tirim. Littafin ya hana wuce kashi 80 na ƙarfi, ya kuma ba da shawarar a ja jan mariƙi har zafin hayaƙi ya kai ƙololuwa, sannan a mayar har ya sauka da digiri 50 na Faranhait. Ka sani dai a daidai nan ne kan silinda ke fin zafi, saboda haka in kana tafiya da ƙarfi mai yawa, ƙara mai fiye da haka. Shan mai yakan kama galan 12 zuwa 14 a awa.

Masu tsohon samfuri, daga na 1956 zuwa na 1986, galibi injinsu Continental ne mai kafireta, kuma ya shahara da yin ƙanƙara a maƙogwaronta. Iskar da ke ratsa kafireta tana iya yin sanyi da fiye da digiri 30 na Salsiyas, don haka ranar damina mai laima, ko da ana gumi a ƙasa, ƙanƙara na iya taruwa. A 172 mai kafireta faɗuwar juyi ce ke tona ta. A nan gwamna zai rufa mata asiri, juyi ya tsaya cak, manifol ne kaɗai zai riƙa zamewa a hankali. Ka ga haka, ja mariƙin zafin kafireta duka. Inji zai yi tari yayin da yake haɗiye ruwan, kada ka firgita ka mayar, jira har ya washe. Waɗanda aka ƙera kafin 1979 kuma tankinsu jakar roba ce a cikin fiffike, in ta tsufa takan yi ƙudundune ta ɓoye ruwa inda magudanar gwaji ba ta kai ba. Bayan ruwan sama, tsiyaye mai, girgiza fiffike, jira, ka sake tsiyayewa.

Gangara da sauka

Jirgin da ke tafiyar not 140 yana cin mil biyu da sulusi na teku a minti. Kana son zubar da ƙafa 6,000 a kan 500 a minti, minti 12 ke nan, mil 28. Ƙara biyar na rage gudu. Wanda ya saba da 172 yakan jira sai ya hango gari, sannan ya tarar yana sama, yana gudu, ya fizge totur baya, inji mai zafi ya sha iska mai sanyi. Lycoming ta ba da shawarar kada zafin silinda ya sauya da fiye da digiri 50 na Faranhait a minti. Rage inci ɗaya ko biyu, jira, ka sake ragewa. Ka tuna manifol na hawa da kansa yayin da kake sauka, sai ka riƙa janye totur don kawai ka tsaya inda kake. Filaf digiri 10 ana iya sa shi tun daga not 140, babban taimako ne wajen rage gudu. Digiri 20 sai ƙasa da 120, cikakke ƙasa da 100.

Kafin sauka a bi mai, tayoyi, cakuɗi, farfela, bel. Shuɗin mariƙi gaba duka yake zuwa don ƙarfi ya kasance a shirye in an fasa sauka, amma kada ka tura shi kana da gudu da ƙarfi, inji zai yi kururuwa, jirgi ya yi turjiya. Bari sai totur ya ragu har juyi ya fara faɗuwa da kansa, alamar gwamna ya saki, sannan ka tura, ba wanda zai ji.

Yanzu ga inda 182 ke cin sababbi. Injin nan mai silinda shida da farfelarsa suna rataye a gaba, kuma tayar gaba a jikin bangon ƙarfen da ya raba inji da matuƙi take ɗaure. Duk dukan da tayar ta sha, bangon ne ke karɓa. Shi ya sa injiniyan da aka kira ya duba tsohon 182 kafin saye, da fitila yake fara leƙa ƙasan wannan bango yana neman lanƙwasa.

Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne kullum. Matuƙi ya zo da gudu fiye da kima don yana jin jirgin da nauyi, not 80 inda 65 ko 70 ya isa. Jirgi ya ƙi zama, yana shawagi a saman titi, titi na ƙarewa. Ya saki sitiyari gaba don ya dasa shi. Tayar gaba ta fara taɓawa, ta cilla hanci sama, ya sake turawa, ta sake bugawa, kowane tsalle ya fi na baya muni, har taya ta karye ko farfela ta sari kwalta. Farfelar da ta taɓa ƙasa kuwa, sai an sauke inji an buɗe shi. Hanya ta biyu ita ce kishiyar wannan: ya kashe totur duka yana ƙafa 20 a sama da cikakken filaf, farfela a kwance ta zama birki, jirgi ya nutse, ya ja sitiyari da ƙarfin da ya saba a 172, hanci bai ɗago ba.

Maganin duka biyun tirim ne da gudu. Duk lokacin da ka sauya filaf ko ƙarfi, murɗa tayar tirim har jirgi ya riƙe gudun da kake so da yatsu biyu. A layin ƙarshe da cikakken filaf, littafin ya ba da not 60 zuwa 70, gajeren titi 60. Bar ɗan ƙarfi har ka fara ɗago hanci, sannan ka zare shi a hankali kana ci gaba da jan sitiyari, ka ci gaba da ja ko bayan manyan tayoyi sun taɓa, tayar gaba ta sauko da kanta. Ja ne na gaske, da dantse, har sitiyari ya kusa cikinka. In iska na bugowa ta gefe, filaf digiri 20 ya fi sauƙin sarrafawa, kuma mafi ƙarfin iskar gefe da aka gwada jirgin da ita not 15 ce. In ka yi tsalle ɗaya mai ƙarfi, kada ka tsaya gyara, fasa saukar.

Fasa sauka kuma da nasa tarkon, kuma tirim ɗin da ya taimake ka ne ke kafa shi. Jirgi an yi masa tirim na hanci sama, filaf cike, sai ka zuba masa doki 230. Hanci zai miƙe da ƙarfi, ya karkata hagu, gudu ya zube, ga ƙasa kusa. Dole ka tura sitiyari gaba da ƙarfin da zai ba ka mamaki, ƙafar dama a danne, filaf ya koma digiri 20 nan take, ka riƙe not 55 har hawa ya kama, kana murɗa tirim gaba, ka buɗe ƙofofin inji, sannan ka naɗe sauran filaf a hankali bayan gudu ya kai 70. Wannan ba abin da za a fara gani a ƙafa 10 ba ne. A fara gwada shi a sama, ƙafa 3,000 ko fiye, tare da malami, har hannu ya san nauyin.

Saboda haka ban ga hikimar karɓar sa hannu bayan awa ɗaya da sauka uku ba, ko da doka ta yarda. Nemi malamin da ya san wannan samfurin, ka karanta littafin jirgin da za ka tuƙa ba na wani 182 ba, domin lambobin da na kawo na 182T ne, na tsofaffi sun bambanta. Ka nemi a yi sauka ku biyu a gaba baya wayam, a kuma yi da jirgi kusa da cikakken nauyin sauka, don hannu biyu ne dabam. A yi tada inji da zafinsa, wanda a injin da ba shi da kafireta yakan ba da wahala saboda mai ya zama tururi a bututu. A yi doguwar tafiya ɗaya aƙalla, wadda za ka tsara gangarowa da kanka. A kuma yi gwajin mutuwar inji: not 76 a cikakken nauyi, 70 a fam 2,600. A cikin gwajin ka sa malami ya nuna maka jan shuɗin mariƙi baya duka. Muddin farfela na juyawa kuma akwai matsin baƙin mai, ruwanta zai miƙe, turjiya ta ragu, ka ji jirgi ya saki jiki ya ƙara nisa. In filin ya zo kusa kana sama da yawa, mayar da mariƙin gaba, farfela ta kwanta ta riƙe maka jirgin.